Tsohon Agogo a Hannun Dillali: Shin Gyara Aibi Ne?

A zangon karatun da ya wuce, malaminmu na darasin fassara ya shigo aji da wasu shafuka da ya ciro daga kundin tallar wani dillalin kayan tarihi na birnin Landan. Ya raba mana, kowa da shafinsa, ya ce a mayar da su Hausa kafin mako ya zagayo. Wani ya sami kujera, wata ta sami butar shayi ta azurfa, ni kuwa rabona ya faɗa a kan wani tsohon agogo. Bayanin duka bai wuce layi 11 ba, na ce a raina wannan ai tsakanin Azahar da La'asar na gama da shi. Ashe ban san dawar garin ba. Sai da na cinye makon nan kaf a ɗakin karatu, kuma ko da na miƙa aikin, layi biyu na ƙarshen tallar ba su bar ni na huta ba. Su ne dalilin wannan rubutu.

Bari mai karatu ya fara ganin hajar. Agogo ne da aka ƙera a Landan wajen shekarar 1760, tsayinsa kamar kamu ɗaya. Akwatinsa na katako ne baƙi wuluk, da mariƙin tagulla a ka, irin na akwatin tafiya. Fuskarsa ma tagulla ce, da zobe mai ruwan azurfa wanda aka zana lambobin Rumawa a kai, da 'yar taga da ke nuna kwanan wata. Sau ɗaya ake yi masa wani a kwana 8. Yana buga awa a kan ƙararrawa, akwai kuma wani ɗan hannu a sama da ake juyawa a yi masa shiru in maigida yana son barci. A bayansa akwai ƙofar gilashi domin a ga farantin tagullar da ke riƙe da kayan ciki, wanda aka ƙawata da zanen rassa da furanni. Sai layukan nan biyu. Na farko ya ce wani sashe na injin ba na asali ba ne, an sauya shi daga baya a ƙarni na 19. Na biyu ya ce in mai saye yana so, ƙwararren mai gyara zai iya cire wannan sashe ya ƙera masa irin na da, kuma yin haka zai ƙara wa agogon daraja.

A nawa ra'ayin, layi na farko gaskiya ce da ta cancanci yabo, na biyu kuwa muguwar shawara ce, ko da yake kasuwa tana bayanta. Amma kafin in kare wannan ra'ayi dole in bayyana abin da aka sauya ɗin, don in ba a san shi ba, gardamar ta zama cinikin biri a sama.

Tun daga sunan agogon na fara cin karo da matsala. Turawan Ingila suna kiran irinsa bracket clock, wato agogon da ake ɗorawa a kan 'yar kanta da aka kafe a bango. Na rubuta "agogon kanta", na dube shi, bai kwanta mini ba. Da na bincika sai na tarar sunan Turancin ma bai dace da shi sosai ba, domin mafi yawan waɗannan agoguna a kan tebur suke zama, kuma mutanen zamaninsu da agogon sifirin ko agogon tebur suka san su. Saboda haka na zaɓi "agogon tebur". Ba kullum ɗalibin fassara ke samun damar gyara wa harshen asali kuskurensa ba, don haka na ɗan ji daɗi.

Asalin wannan nau'i yana komawa ga wani masani ɗan ƙasar Holan, Christiaan Huygens, wanda ya ƙirƙiro agogo mai lilo a 1656, wato mai wani ƙarfe da ke reto yana auna lokaci. Kafin nan agogo kan yi kuskuren kusan kwata na awa a yini, shi ya sa da yawa daga cikinsu hannu ɗaya ne kawai gare su, na awa, don babu amfanin nuna mintin da ba a da tabbas a kansa. Salomon Coster ne ya fara ƙera wa Huygens su a birnin Hague a 1657. Wani saurayi ɗan Landan, John Fromanteel, ya yi aiki a shagon Coster a lokacin, kuma a 1658 mahaifinsa Ahasuerus Fromanteel ya buga talla a jarida cewa yana ƙera irin waɗannan agoguna a Landan. Daga nan Ingila ta sami manyan nau'o'i biyu. Akwai dogon agogo mai tsayin mutum, wanda nauyin dalma da ke rataye yake tafiyar da shi, shi ba ya motsawa daga inda aka kafa shi. Akwai kuma namu na tebur, wanda sifirin ke tafiyar da shi, ana iya ɗaukarsa. Amfanin mariƙin ke nan. Agogo abu ne mai tsada ƙwarai a wancan zamani, ko a gidan masu hali ba kowane ɗaki ke da nasa ba, sai ya yini a ɗakin baƙi, da dare a hau da shi ɗakin kwana. Da yawa ma an sa musu wata igiya a gefe, in mutum ya farka cikin duhu ya ja ta, agogo ya buga masa awa da kwatar da ake ciki. Kada mai karatu ya manta ba a fara sayar da ashana ba sai a 1827.

Shi sifirin yana da wani hali: in an cika masa wani yana ja da ƙarfi, in ya kusa warwarewa sai ƙarfinsa ya ragu. Maganin da maƙera suka yi wa wannan shi ne wani dunƙulen tagulla mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda aka naɗe da tsirkiya ko siririyar sarƙa. Lokacin da sifirin ke da ƙarfi yana jan sarƙar daga wajen tsini, inda juyawa ke da wuya, lokacin da ya gaji kuma yana jan ta daga wajen gindi, inda juyawa ke da sauƙi, sai ƙarfin ya zo daidai daga ranar farko har ta 8. Sunansa a Turanci fusee, kalmar Faransanci ce da ke nufin sandar kaɗi da aka naɗe da zare. To, wannan ai mazari ne. Duk wanda ya taɓa ganin kakarsa tana kaɗi ya san siffar mazarin da ya cika da zare. Ban sha wata wahala ba a nan, kalmar tana zaune a harshenmu tana jira.

Sashen da ake gardama a kansa shi ne wanda na kira linzami. Da za a saki sifirin haka kawai, da ƙafafun agogo masu haƙora sun zuba a guje sun ƙare cikin ɗan lokaci. Linzami shi ke tare su, ya saki haƙori ɗaya, ya tare, ya saki ɗaya, bisa umarnin lilo, kuma wannan kamawa da sakin ita ce ƙarar da muke ji. Tsohon linzami wata 'yar sanda ce mai harsuna biyu, tana cizon wata ƙafa mai haƙoran zarto da ta yi kama da kambin sarauta. Lilonsa gajere ne, mara nauyi, yana reto da faɗi sosai. Aibinsa a nan yake: lilon da ke buɗewa da faɗi, da zarar ƙarfin da ke tura shi ya ɗan sauya, ko mai ya daskare, sai faɗin reton ya sauya, lokaci ma ya sauya. Wajen 1670 aka fito da sabon linzami mai kama da ƙugiyar da ake tsayar da jirgin ruwa da ita, wanda lilonsa ke ɗan kaɗawa kaɗan kawai, ya fi kiyaye lokaci nesa ba kusa ba. Dogayen agoguna suka karɓe shi nan take. Amma agogon tebur ya riƙe tsohon linzaminsa har wajen 1800, kuma ba don jahilci ba. Tsohon linzami ba ya damuwa ko tebur ya karkace, ko an ɗauke shi an sake ajiyewa, shi kuwa sabon sai an daidaita masa wurin zama. Agogon da ke yawo tsakanin ɗakuna tsohon ya fi dacewa da shi.

Sai duniya ta sauya wa agogon. A da kowane gari a Ingila da lokacinsa, gwargwadon tsayuwar rana a kansa. Birnin Bristol, alal misali, yana bayan Landan da kusan minti 10, har yau akwai wani agogo a tsohuwar kasuwar garin mai dogayen hannuwa biyu, ɗaya na Landan ɗaya na gida. Da jirgin ƙasa ya zo, wannan ya zama fitina. Kamfanin jirgin Great Western ya koma bin lokacin Landan a 1840, sauran suka bi, a 1880 kuma doka ta mayar da lokacin Greenwich na ƙasa baki ɗaya. Mutumin da ya gaji agogon kakansa yanzu yana da jirgin da zai kama, kuma agoguna sun yi arha, kowane ɗaki na iya samun nasa, ba a bukatar yawo da guda ɗaya. Me zai yi? Ko ya jefa shi ɗakin shirgi, ko ya kai wa mai gyara a sa masa sabon linzami. Dubbai suka zaɓi na biyu. Wasu masu gyaran sun yi aiki mai tsabta, wasu sun yi aika-aika, har da fafe gindin akwati don dogon lilo ya sami wurin reto, da zubar da kayan igiyar nan ta dare saboda sun tare hanya. Ban musa wannan ba.

A ƙarni na 20 sai iska ta juya. Agogon tebur ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan tarawa, masu kuɗi suka shiga neman wanda ba a taɓa ba. Wanda ya fi kowa suna a sana'ar shi ne Thomas Tompion, ɗan wani maƙeri daga ƙauye, an haife shi a 1639 ya rasu a 1713, kuma darajarsa ta kai aka binne shi a majami'ar Westminster inda ake binne sarakuna a wancan zamani. A 2019 an sayar da wani ƙaramin agogon tebur da ya ƙera wa Sarauniya Mary ta Biyu a gidan gwanjon Bonhams a kan kusan fam miliyan 2. Agogonmu ba na Tompion ba ne, sunan da ke fuskarsa ba ya cikin mashahurai, amma ƙa'idar kasuwar ɗaya ce daga sama har ƙasa: mai tsohon linzami ya fi mai sabo tsada. Da dillalai suka ga haka sai aka shiga aikin komawa baya, a cire linzamin ƙarni na 19, a toshe ramukan da aka huda, a ƙera sabon "tsohon" linzami a sa. Shawarar da layi na biyu ke bayarwa ke nan.

Abin tambaya a nan shi ne, in an yi hakan me aka dawo da shi? Linzamin da maƙerin 1760 ya yi da hannunsa ya tafi, an narkar da shi ko an zubar tun kafin a haifi kakanninmu. Wanda za a sa yanzu, mai gyara na yau ne zai ƙera shi, bisa kintacen yadda na farkon ya kasance. Wato za a cire abin da ya haura shekara 100 yana aiki a cikin agogon, a sa wanda bai yi mako ba, sannan a ce agogon ya ƙara tsufa. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, to ban ga yadda za a kwashe tsohuwar zuma a zuba sabuwa a tsohuwar kwalba a ce an inganta magani ba. Kafin a taɓa shi agogon yana da zamani biyu a cikinsa, duka na gaskiya. Bayan an taɓa shi yana da zamani ɗaya na gaskiya da ɗaya na kwaikwayo.

Bugu da ƙari, linzamin nan da ake raina wa shi ne ya ceci agogon. Waɗanda ba a gyara ba, da yawansu ba don ana girmama su aka bar su ba, an daina amfani da su ne, kuma abin da aka daina amfani da shi rabonsa tsatsa da gara. Mai gyaran ƙarni na 19 ya sa agogon ya ci gaba da zama mai amfani, shi ya sa aka ci gaba da share masa ƙura, ana zuba masa mai, ana yi masa wani duk mako, har ya iso hannun dillalin da ke kushe aikinsa a yau. Masu gyara na da wata al'ada ta karce sunansu ko kwanan wata da tsinin allura a wani lungu na injin in sun gama aiki. Wanda ya iya karanta waɗannan karce-karce, da ramukan da aka huda, da sawun zarto a akwati, zai iya faɗin inda agogo ya bi a rayuwarsa. Mu ɗaliban harshe mun san irin wannan. In ka sami tsohon littafin ajami da malamai suka yi wa ƙarin bayani a gefen shafi, wani da baƙar tawada wani da ja, ba za ka kankare su ba don kana son littafin ya koma yadda mai shi ya fara rubuta shi. Sau da yawa ma bayanan gefen su ke gaya maka garuruwan da littafin ya zauna da waɗanda suka karanta shi.

Turawan kansu sun yi wannan gardama a kan gine-gine. A 1877 William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, saboda takaicin yadda magina ke kankare duk abin da aka ƙara wa tsofaffin majami'u a tsawon ƙarnoni, wai don su mayar da su siffarsu ta farko, a ƙarshe a wayi gari da sabon gini mai kama da tsoho. Matsayinsu shi ne a gyara abin da ya lalace, a tallafi abin da zai faɗi, amma kada a ƙirƙiro tsufa. Ban ga dalilin da zai sa wannan ya dace da bango ya ƙi dacewa da tagulla ba.

Da na faɗi wannan ra'ayi a aji, wata abokiyar karatunmu ta tare ni, kuma hujjarta ba ta wasa ba ce. Ta ce, "Haba ɗan'uwa, agogo ai ba takarda ba ce da za a ajiye a karanta. Maƙerin ya huda 'yar taga a fuskarsa don a ga motsin lilo, ya sa ƙofar gilashi a baya don a ga retonsa mai faɗi. In ka bar masa linzamin wani, kana kallon akwatin maƙerin ne kana sauraren muryar baƙo." Gaskiya ne, sautin tsohon linzami da saurin bugunsa daban suke, kuma wanda ya sayi abu da kuɗinsa yana da ikon jin sa yadda aka nufa. Na yarda da ita a wurare biyu. In gyaran da aka yi na banza ne, yana cin haƙoran sauran ƙafafu, to cire shi ceto ne. In kuma an sami ainihin tsofaffin kayan a ajiye, kamar yadda wasu gidaje masu tsari kan adana su a ƙunshi, to mayar da su komawa gida ne. Amma tallar da ke hannuna ba ta ce ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ta ce agogon yana tafiya lafiya lau. Dalili ɗaya da ta kawo na taɓa shi shi ne ƙarin kuɗi, kuma a nan ne ake rasa ido garin neman gira.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato abin da zai faru bayan shekara 30 ko 40. Wanda ya sa aka yi aikin ya san an yi, mai gyara ya sani. Amma sabuwar tagulla za ta dushe ta yi kalar 'yan'uwanta, maigida zai rasu, magada za su kai agogon kasuwa ba tare da wata takarda ba. Dillali na gaba sai ya rubuta "mai tsohon linzami" kawai, bai yi ƙarya ba a lafazi, mai saye kuma ya biya kuɗin na asali. Babu wanda ya yi niyyar ha'inci a cikinsu, amma an yi shi. Linzamin ƙarni na 19 ba ya iya yaudarar kowa, da ka buɗe ƙofar baya ka ga abin da yake. Na kwaikwayo kuwa, iya ƙwarewar mai yin sa iya haɗarinsa. Shi ya sa nake ganin in har dole sai an yi, to a buga shekarar aikin a jikin sabon sashen, a kuma zuba wanda aka cire a jaka ya riƙa bin agogon duk inda ya je. Akwai masu gyara na kirki da ke yin haka, amma kasuwa ba ta tilasta wa kowa ba.

Ita kanta kalmar "asali" da ake ta rantsuwa da ita, ya kamata a bi ta a hankali. Sunan mutum ɗaya ne a fuskar agogo, amma hannuwa da yawa suka yi shi. Mai sassaƙa akwati daban, mai zanen faranti daban, mai zuba ƙararrawa daban, mai ƙera sifirin daban, ga yaran shago da ke koyon sana'a na shekara 7 a ƙarƙashin dokokin ƙungiyar maƙeran agogo ta Landan, wadda sarki ya ba izini a 1631. Daga cikin ƙwararrun akwai 'yan gudun hijira Furotesta da suka tsero daga Faransa bayan 1685. Kuma tun daga shago ake yi wa agogo ɗinki daidai jikin mai saye: maƙera irin su Markwick Markham da George Prior sun riƙa ƙera agoguna masu lambobin Turkawa don kasuwar Istanbul. In haka ne, mai gyaran da ya zo bayan shekara 100 ya daidaita shi da zamanin jirgin ƙasa, hannu ɗaya ne da ya ƙaru a kan hannuwa da yawa.

Ba zan wuce ba tare da na taɓo harshenmu ba, don a nan ne abin ya fi ba ni dariya. Kalmar "agogo" da na yi ta maimaitawa aro ce daga Yarbanci, inda take nufin ƙararrawa ko kuge, abokan karatunmu Yarbawa a nan ba sa barin mu manta da haka. "Awa" da "minti" da "sakan" daga Turanci suke, har da "wani" da ake yi wa agogo. "Sa'a" da "daƙiƙa" daga Larabci. Abin da ya rage namu na gida shi ne "ƙarfe", kuma shi ma sabon aiki aka ba shi, daga ƙarfen da ake bugawa a sanar da lokaci, kamar yadda har yau ake dukan tsohon ƙarfen ƙafar mota a makarantun firamare. Jimlar "ƙarfe biyu da minti goma a agogona" agogo ce da masu gyara uku suka taɓa. Akwai masu kishin da ke son a cire irin waɗannan kalmomi a ƙera na "asali" a sa, kuma duk lokacin da suka gwada, abin da suke fitowa da shi sabo ne fil wanda kakanninmu ba su taɓa furtawa ba, alhali kalmar aron da suke kora ta girme su.

Na ce layi na farko ya cancanci yabo, kuma ina nufin haka. A fiƙihun ciniki wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, in ya ɓoye mai saye na da damar mayarwa, kuma duk wanda ya taɓa zuwa kara ya san dillalin da ke faɗin gaskiya a kan dabba ba shi da yawa. Wannan dillalin ya faɗa. Sai dai harshen irin waɗannan tallace-tallace yana bukatar ido biyu. Akwatin agogon, alal misali, an rubuta shi ebonised, ba ebony ba. Ebony baƙin katako ne mai tsada, ɗan'uwan kanyarmu, wanda ake kawowa daga ƙasashen tekun Indiya. Da aka liƙa masa ɗafa-ƙeya sai ma'anar ta koma katakon gida da aka rina baƙi. Haruffa kaɗan ne tsakaninsu, amma mai fassarar da ya rubuta "na katakon kanya" ya sayar wa mutane abin da babu. Haka nan "mai sa hannun wane" daban yake da "ɗauke da sunan wane", na biyun yana nufin dillali bai ɗauki alhakin sunan ba. In kuma akwati da inji ba tare aka haife su ba, an haɗa su ne daga baya, mutanen sana'ar suna kiran abin "aure", ni kuwa a takardata na so in rubuta auren dole, na dai danne.

Kalma ta ƙarshe da ta tsayar da ni ita ce ta sauyin linzamin. Hausa ta ba ni zaɓi da yawa, kuma kowanne da hukuncinsa a ciki. In na ce "an gyara shi", na goyi bayan mai gyaran ƙarni na 19. In na ce "an taɓa shi" ko "an yi masa kwaskwarima", na goyi bayan dillali, na kuma sa wa mai saye shakka. Raina ya fi karkata ga "an gyara", amma aikin da aka ba ni fassara ce, ba sharhi ba, kuma kalmar Turancin ba ta yabi kowa ba, ba ta zargi kowa ba. Daga ƙarshe na rubuta: "linzaminsa na ƙarni na 19 ne, daga baya aka sa masa." Layi na biyu ma na fassara shi yadda yake, duk da ƙin da nake yi masa, sai dai inda tallar ta ce za a "mayar da shi asalinsa" na rubuta za a "ƙera masa sabo irin na da". Da takarda ta dawo, Malam ya bar mini mazari da linzami da agogon tebur, amma ya ja jan layi a ƙarƙashin wannan jimla, ya rubuta a gefe cewa wannan ra'ayina ne ba na dillali ba, in kai shi mujalla. Ya cire mini maki 2.